Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Likitoci da Masu Harhaɗa Magunguna Kan Maganin Sertraline

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da jinjina a gare ku bisa ɗawainiyar da kuke yi da marasa lafiya dare da rana, na rubuto ne domin in kawo muku kukan majinyata da masu jinyarsu a kan wani magani guda da ke ratsa hannuwanku kullum, wato sertraline. Kamfanin Pfizer ne ya fara fitar da shi, aka amince da shi a Amurka a 1991 da sunan Zoloft, a Ingila kuma aka san shi da Lustral, yau kuwa kamfanoni da dama suna yin sa da sunansa na asali. Ni ba likita ba ne. Mai jinya ne da ya zauna da ɗan'uwa mai fama da cutar tsananin damuwa, kuma ya ga yadda wannan ƙwaya ta taimaka wajen dawo da mutum cikin hayyacinsa bayan an ɗebe tsammani. Saboda haka ba suka na zo yi wa maganin ba. Roƙona shi ne kada ya fita daga hannunku zuwa hannun majinyaci sai tare da bayani, domin yawancin cutarwar da ake samu a kansa tana tasowa ne daga abin da ba a faɗa ba a lokacin rubuta shi da lokacin miƙa shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da tsananin damuwa a duniya sun haura miliyan 280, kuma sertraline na cikin magungunan da aka fi rubuta musu. Ana ba da shi har ila yau ga masu fargaba, da masu firgici na ba zato, da masu cutar waswasi, da waɗanda wani mummunan abu da ya same su ya ƙi barin zukatansu. Yana cikin rukunin da kuke kira SSRI, masu hana jijiyoyin ƙwaƙwalwa saurin tsotse sinadarin serotonin bayan sun sake shi. An fi son wannan rukuni a kan tsofaffin magunguna irin su amitriptyline ne musamman saboda haɗarinsa ya fi sauƙi idan mutum ya sha fiye da kima. To amma wannan sauƙin ne, a ganina, ya sa wani lokaci ake miƙa shi kamar maganin da ba ya bukatar dogon jawabi, alhali kuwa yana bukata.

Makonnin farko su ne mafi wuya, kuma a nan ne aka fi barin majinyaci shi kaɗai. Ku kun san cewa illolin maganin nan suna rigan amfaninsa zuwa, amma wanda ya karɓi takardarku ya tafi gida bai sani ba. Na gani da idona. A makon farko ɗan'uwana ya kasance yana tashi da tashin zuciya, cikinsa na gudawa, bakinsa a bushe, dare kuma ya raba yana juyi a kan shimfiɗa, fargabar da yake kuka da ita ma sai ta ƙaru. Da safe zai ɗauki fakitin ya juya shi a hannu, ya ƙirga ramukan da ya ɓalle, ya ce, "Maganin nan bai karɓe ni ba." Babu wanda ya gaya masa a ɗakin likita ko a tagar karɓar magani cewa hakan na faruwa da mutane da yawa, kuma galibi yana lafawa cikin mako ɗaya ko biyu. Babu wanda ya gaya masa cewa cikakken amfanin yakan ɗauki makonni 4 zuwa 6 kafin ya bayyana. Takardar bayani tana cikin kwalin, a nannaɗe, da rubutu ƙanana ƙwarai, a harshen da ba kowa ke karantawa ba, kuma mai tsananin damuwa ko saƙon waya ba ya iya natsuwa ya karanta, balle wannan. Da ba a samu wanda ya lallashe shi ya koma ya tambaya ba, da ya ajiye maganin a daidai lokacin da ya kusa fara aiki, ya kuma ɗauka cewa ciwonsa ba shi da magani.

Wasu kuwa ba ajiyewa suke yi ba, ƙarawa suke yi. Idan suka ga mako biyu shiru, sai su ce ƙwaya ɗaya ta yi musu kaɗan. Ina roƙonku ku faɗa musu ƙa'idar da bakinku: ana farawa ne da miligiram 50 sau ɗaya a rana ga mai tsananin damuwa, masu firgici da makamantansu kuma sukan fara da 25 na mako guda kafin a kai su 50, ba a ƙari sai an bar aƙalla mako ɗaya tsakani, ba a wuce 200 a rana, kuma likita ne kaɗai ke yanke shawarar ƙarin. Wanda ya manta bai sha ba, kada ya haɗa biyu washegari. Mai ciwon hanta yana bukatar ƙasa da na sauran mutane, mai farfaɗiya yana bukatar a sa masa ido, mai ciwon suga kuma ya ƙara kula da awon jininsa, domin maganin na iya sauya shi.

Akwai wata magana mai nauyi da na san tana yi wa kowa wuyar furtawa. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta a sa gargaɗi mafi ƙarfi a kan magungunan damuwa, cewa suna iya ƙara tunanin kashe kai ga yara da matasa a farkon shan su, a 2007 kuma ta faɗaɗa gargaɗin zuwa masu shekara 18 zuwa 24. Wannan ba dalili ba ne na hana matashi magani, domin ita kanta cutar idan aka bar ta tana kisa, kuma fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu a duniya duk shekara. Dalili ne na sa ido. Ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kula da marasa lafiya a Ingila, ita ce a sake ganin mai shekara 18 zuwa 25, ko duk wanda ake jin tsoron zai cutar da kansa, bayan mako ɗaya da fara maganin, sauran mutane kuma cikin mako biyu. Ba daidai ba ne a ba wa yaro ɗan shekara 20 magani na wata guda a ce ya dawo idan ya ƙare. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin mutuwa ko cutar da kansa, domin tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi, ga wanda yake ɗauke da shi kuwa sau da yawa ita ce ƙofar da yake jira a buɗe masa. Sannan, da yardar majinyacin, ku kira wani nasa ku gaya masa abin da zai lura da shi: rashin iya zama wuri ɗaya, fushin da ba a saba gani ba, ƙaruwar rashin barci, maganganun ban kwana. Mu masu jinya muna gida a sa'o'in da ba ku nan, amma ba za mu ga abin da ba a koya mana ganinsa ba.

Kafin ma a rubuta maganin, tambaya guda tana iya hana babbar ɓarna: shin mutumin ya taɓa shiga wani yanayi na kwanaki da ba ya jin barci ko kaɗan amma yana cike da ƙarfi, yana surutu ba tsayawa, yana kashe kuɗi ko yanke shawara ba tunani? Mai cutar da ke kai mutum tsakanin tsananin damuwa da tsananin zumuɗi yakan zo asibiti ne a lokacin da ya faɗa ƙasa, kuma sertraline shi kaɗai na iya jefa shi ɗaya ɓangaren. Majinyacin ba zai kawo labarin da kansa ba, don a wurinsa waɗancan kwanakin ne lokacin da ya ji daɗin rayuwa.

Yanzu ga ku masu harhaɗa magunguna musamman, domin a wurinku ne magungunan mutum suke haɗuwa. Idan kuka tambayi majinyaci, "Kana shan wani magani?" da yawa za su ce a'a, ba don ƙarya ba, sai don ba sa lissafa maganin ciwon jiki ko na tari a matsayin magani. A tunaninsu magani shi ne wanda likita ya rubuta. Don haka ku kira sunayen ɗaya bayan ɗaya. Tramadol shi ne na farko da ya kamata a ambata, domin mutane da yawa suna shan sa da takarda ko ba takarda, kuma shi ma yana ƙara serotonin, ga shi yana iya tayar da farfaɗiya. Idan ya haɗu da sertraline, serotonin na iya yin yawa a jiki har ya zama guba: mutum ya rikice, gumi ya karyo masa, jikinsa ya yi zafi yana karkarwa, tsokoki suna fizga, zuciya tana bugawa da sauri. Wannan yanayi yakan taso cikin sa'o'i kaɗan, kuma na gaggawa ne, ba a kwana da shi a gida. Haka abin yake da magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi pethidine da fentanyl, da maganin tari mai ɗauke da dextromethorphan, da sumatriptan na ciwon kai mai ɓari guda, da lithium, da maganin ƙwayoyin cuta linezolid, da ganyen St John's wort da wasu ke saya suna ganin tunda tsiro ne ba ya cutarwa. Magungunan damuwa na rukunin MAOI kuwa ba a haɗa su da shi sam, sai an bar kwana 14 tsakani, kamar yadda ba a haɗa shi da pimozide.

Akwai haɗari na biyu da ya fi wannan yawa ko da yake bai kai shi ban tsoro ba, wato zubar jini. Sertraline na rage ƙarfin daskarewar jini, don haka idan aka ɗora masa ibuprofen ko diclofenac ko aspirin a kai a kai, ko kuma warfarin mai hana daskarewar jini, haɗarin zubar jini a ciki yana ƙaruwa, musamman ga tsofaffi da masu gyambon ciki. Majinyaci ya san cewa baƙin bayan gida, ko aman jini, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko tabon taruwar jini a fata ba tare da buguwa ba, abin kai wa likita ne nan take. Tsofaffi kuma, musamman masu shan magungunan sa fitsari saboda hawan jini, gishirin jininsu na iya sauka a makonnin farko, sai a ga tsohuwa ta yi laushi, tana rikicewa, tana faɗuwa, iyali su ce tsufa ne ya zo, alhali gwajin jini guda zai nuna dalili. Giya ma a ambace ta ba tare da tsangwama ba, domin tana ƙara maye da barci, tana kuma ƙara dagula ciwon da ake magani.

Akwai illar da kusan babu majinyacin da zai fara kawo maganarta, kuma ina zaton ita ce ke sa mutane da yawa barin maganin a ɓoye. Sertraline na iya rage sha'awa ga maza da mata, yana iya jinkirta biyan bukata ko ya hana ta gaba ɗaya. Mutum ya fara samun sauƙin damuwarsa, sai ga wata sabuwar damuwa a ɗakin aurensa, kunya ta hana shi faɗa, abokin zamansa kuma ya fara zargin ko an daina son sa ne. A ziyara ta gaba zai ce muku yana shan magani lafiya lau, alhali ya daina tun tuni. Idan ku kuka fara buɗe zancen cikin mutunci tun ranar farko, kuka ce wannan na faruwa da mutane da yawa, kuma akwai abin yi, ko a daidaita adadin ko a sauya wani maganin, kun sauke masa nauyin da ba zai iya saukewa da kansa ba. Wasu kuma sukan ce zuciyarsu ta dushe, ba sa jin baƙin ciki amma farin cikin ma ba sa ji. Wannan ma kuka ne na gaskiya da ya cancanci a saurara, kada a ce musu ai sun fi da.

Mata masu juna biyu da masu shayarwa suna bukatar magana tasu daban. Abin da ke faruwa sau da yawa shi ne mace ta ga ta samu ciki, tsoro ya kama ta, ta watsar da maganin a ranar, ciwon ya dawo mata a lokacin da ta fi bukatar ƙarfi. Ku gaya wa duk macen da ke shekarun haihuwa tun farko cewa idan ta samu ciki ko tana shirin samu, ta zo a zauna a auna amfani da haɗari tare da ita. Ta san cewa shan sa a ƙarshen ciki na iya ƙara ɗan haɗarin zubar jini bayan haihuwa, jaririn kuma yana bukatar a duba shi a kwanakin farko, don haka masu karɓar haihuwa su san tana sha. Ta kuma san cewa kaɗan ne ƙwarai ke shiga ruwan nono, shi ya sa yake cikin waɗanda aka fi zaɓa wa mai shayarwa.

Na bar maganar dainawa zuwa yanzu ne domin ita ce ta fi ci mini rai. Majinyaci ya sha wata biyu ko uku, ya ji garau, ya ce ya warke, ya ajiye. Ba laifinsa ba ne, haka aka saba da sauran magunguna, ciwo ya tafi a daina. Amma ƙa'idar wannan ita ce a ci gaba aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, wanda ciwon ya sha dawo masa kuma fiye da haka, domin dainawa da wuri na buɗe wa ciwon hanyar komowa. Bayan haka, rabin abin da ke jini na wannan magani yana fita ne cikin kusan sa'o'i 26, don haka wanda ya yanke shi lokaci guda yakan fara ji a jikinsa cikin kwanaki kaɗan: jiri, tashin zuciya, saurin fushi, munanan mafarkai, kuka ba dalili, da wani abu kamar fizgar lantarki a kai da ke tsorata duk wanda ba a taɓa gaya masa ba. Shekaru da yawa ana gaya wa mutane cewa waɗannan alamu masu sauƙi ne kuma suna wucewa cikin mako guda. A 2019 Kwalejin Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Birtaniya da hukumar NICE suka gyara matsayinsu, suka yarda cewa ga wasu mutane alamun kan yi tsanani kuma su daɗe. Majinyata sun daɗe suna faɗin haka kafin a yarda da su, kuma ina roƙon kada a sake maimaita wannan da waɗanda ke gabanku yau.

Dainawa kamar saukowa daga tsani ne, mataki bayan mataki, kuma matakan ƙasa su ne suka fi bukatar hankali, domin rage ƙaramin adadi na ƙarshe yakan fi wuya a jiki fiye da rage na farko. Wani makonni sun ishe shi, wanda ya yi shekaru yana sha kuwa yana iya bukatar watanni. Ku taimaka musu su bambance alamun dainawa da dawowar ciwo: na farkon suna zuwa cikin kwanaki, tare da jiri da fizgar nan, kuma suna lafawa da sauri idan aka koma adadin baya, dawowar ciwo kuwa takan ɗauki makonni tana shigowa sannu a hankali. Idan aka rikita su, sai a mayar da mutum kan maganin da ya riga ya gama bukata. Ku kuma kwantar musu da hankali a kan tambayar da kusan kowa ke yi a zuci, ko maganin zai kama su kamar ƙwayar maye. Ba ya sa maye, ba ya sa mutum ƙishirwar ƙari, amma jiki na sabawa da shi, kuma faɗin wannan gaskiya gaba ɗayanta ya fi a ce kawai "ba ya kama mutum", domin ranar da ya daina ya ji jiri zai ɗauka an yaudare shi. Har ila yau, mutane da yawa ba da niyya suke yankewa ba, maganin ne ke ƙare musu kafin ranar ganin likita, don haka ku tsara ranar dawowa ta riga ƙwayar ƙarshe.

Ga masu sayarwa kuma, ina roƙonku kada ku ba da shi ga wanda ya zo ba takarda don wani ya ce ya yi masa amfani. Rashin barci da kasala da faɗuwar gaba na iya zama alamun ƙarancin jini ko ciwon maƙoƙo ko wani abu daban da ke bukatar gwaji. Idan kwalin wannan wata ya bambanta da na wancan saboda kamfani ya sauya, ku nuna wa majinyaci sunan asali da adadin miligiram, kada ya koma gida ya sha biyun yana zaton magunguna daban ne. Ku tuna masa ya ajiye shi inda yara ba za su kai ba, kuma kada ya yi tuƙi ko aiki da inji a kwanakin farko har sai ya ga yadda maganin ke yi masa.

Na san layin da ke bakin ƙofarku, na san likita ɗaya kan ga mutane da yawa fiye da ƙarfinsa a wuni guda, kuma ban ɗauka sakaci ne ke sa ku gajarta magana ba. Amma abin da nake roƙo ba ya bukatar na'ura ko ƙarin kuɗi. A yi bayanin a harshen da majinyacin ya fi ji, a bar shi ya maimaita abin da ya fahimta da bakinsa, a rubuta masa muhimman abubuwan a 'yar takarda da manyan haruffa, domin mai wannan ciwo yakan manta rabin abin da aka faɗa masa kafin ya kai ƙofa. A kuma gaya masa cewa ƙwaya ba ita ce dukan maganin ba, zama da ƙwararren mai ba da shawara yana da amfani tabbatacce, ga mai tsananin ciwo kuma haɗa biyun ya fi kowanne shi kaɗai. Inda lokacin likita ya gaza, a ɗora wa ma'aikacin jinya ko mai harhaɗa magani wannan aiki a fili, ya zama an san wanda ke da alhakinsa, kuma a ba kowane majinyaci lambar waya ko wurin da zai nufa idan abu ya rikice masa da dare kafin ranar dawowarsa.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Naku, wani mai jinya.